Kafin ka kwantar da baƙo a besmen, auna iskar radon

Duk Bahaushen da Allah ya hore wa gida a unguwannin gefen birane na Amurka, ko ya kama haya a cikinsu, ya san amfanin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda kowa ke kira besmen. Nan ake sauke baƙo. Nan Hajiya ke zama wata da watanni idan ta zo daga Kano ko Damagaram don ta kula da ɗiyarta mai jego. Nan ake shimfiɗa darduma a tara yara karatun Alƙur'ani ranakun Asabar da Lahadi, nan wata ke ajiye keken ɗinkinta, kuma nan ɗalibi ko sabon zuwa ke samun haya mai sauƙi kafin ya tsaya da ƙafafunsa. To wannan ɗakin da muke ba mutanen da muka fi ji da su, shi ne inda iskar radon ta fi taruwa a cikin gida. Shawarata guda ce: a auna shi. Kuɗin awon bai kai na cika tankin mota ba, aikin kuma ba ya buƙatar ƙwararre.

Zan riƙa kawo misali da gundumar Montgomery ta jihar Maryland, maƙwabciyar birnin Washington ta arewa, inda garuruwan Silver Spring da Gaithersburg da Germantown suke. 'Yan Afirka ta Yamma suna da yawa a can, gundumar tana cikin waɗanda aka shafa wa ja a taswirar radon ta gwamnatin tarayya, kuma ta yi dokoki a kan batun da ya kamata kowane mazauninta ya sani. Amma wanda ke Minnesota ko Ohio ko Pennsylvania, har ma da na Kanada da Ingila, maganar ta shafe shi.

Radon iska ce da ke tasowa daga ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Asalinta yuraniyam ne, irin ma'adinin da ake haƙa a Arlit, sai dai ba sai an je mahaƙa ba, domin kusan kowace ƙasa da kowane dutse suna ɗauke da ɗan kaɗan. Yuraniyam yana rikiɗewa a hankali ya zama radiyam, radiyam kuma ya zama radon. A fili iska kan kwashe ta ta watsar, ba ta cutar da kowa. A rufaffen gida kuwa taruwa take yi. Ita kanta ba ta daɗewa, duk kwana 3.8 rabinta ya rikiɗe, amma abin da take komawa shi ne masifar: ƙananan ƙwayoyin poloniyam masu manne wa ƙura. Idan aka shaƙe su sai su lafe a hanyoyin numfashi, suna harbin naman huhu da tururin nukiliya. Bayan shekaru masu yawa wasu ƙwayoyin halittar huhun sukan lalace su zama kansa.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne radon ba ta gargaɗi. Ba ta sa tari, ba ta sa jiri ko ciwon kai, ba ta sa ido ruwa. Mutum zai shekara ashirin yana kwana a cikinta yana tashi garau. Kada kuma ka dogara da na'urorin da ke manne a silin. Mai kuka idan ta ji hayaƙi da mai kuka idan iskar kabon monoksaid ta taru, babu wadda ke jin radon a cikinsu. Babu kuma wani gwajin jini da likita zai yi maka a asibiti ya gaya maka yawan wadda ka shaƙa. Gidan ake aunawa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ƙiyasta cewa radon tana haddasa mutuwar mutum kusan 21,000 kowace shekara a ƙasar ta hanyar kansar huhu. Bayan sigari ita ce ta biyu wajen jawo wannan cuta, a tsakanin waɗanda ba sa shan taba kuwa ita ce ta farko, kuma kimanin 2,900 daga cikin mamatan ba su taɓa sa sigari a baki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na kansar huhu a kowace ƙasa radon ce sila, gwargwadon yanayin ƙasar da yawan mashaya taba. Mu da akasarin matanmu da iyayenmu mata ba su san ɗanɗanon sigari ba, mukan ɗauka kansar huhu ba tamu ba ce. Ga ƙofar da take iya biyowa.

Tun ƙarni na 16 aka san masu haƙar ma'adinai a Schneeberg, a duwatsun kan iyakar Jamus da ƙasar Czech, suna mutuwa da wani ciwon ƙirji, kuma a 1879 likitoci suka gane kansar huhu ce. An daɗe ana kallonta a matsayin cutar masu shiga rami. Abin da ya karkato hankalin Amurka zuwa gidaje ya faru a watan Disamba na 1984. Wani injiniya mai suna Stanley Watras yana aiki a tashar lantarki ta nukiliya ta Limerick, a jihar Pennsylvania, sai na'urar da ke bincikar jikin ma'aikata ta riƙa kuka a kansa, alhali yana shiga aiki ne daga gida, tashar ma ba ta fara ba da wuta ba. Da aka auna gidansa da ke kusa da Boyertown sai aka sami pikokuri 2,700 a kowace litar iska, kusan ninki 700 na ma'aunin da hukuma ta ce a ɗauki mataki a kansa. Gida ne kamar kowane gida a unguwar, sai dai yana zaune a kan jerin duwatsu masu yuraniyam da ake kira Reading Prong. Iyalin suka tashi, aka yi wa gidan gyara, suka dawo. A 1988 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar rage radon a cikin gine-gine.

Yaya take shiga? Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to radon tsaga kamar silin gashi ta ishe ta, kuma gidan da kansa ne ke jawo ta. A lokacin sanyi ana kunna hita, iska mai ɗumi ta hau sama ta sulale ta rufi, sai ƙasan gidan ya nemi abin da zai cike gurbin, ya zuƙo iska daga cikin ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen kankare. Tana biyowa ta tsagar daɓe, ta mahaɗar daɓe da bango, ta gefen bututun ruwa, ta ramukan bulo, da kuma ramin nan da ake sa wa famfon zuƙe ruwa a kusurwar besmen. Fankar kicin da ta banɗaki da injin busar da tufafi duk suna fitar da iska waje, suna ƙara wa zuƙar ƙarfi. Shi ya sa ma'aunin ya fi hawa a hunturu, kuma ya fi yawa a hawa na ƙasa.

Daga nan sai kuskuren da na fi jin mutane suna yi. Wani ya ce maƙwabcina ya auna an ce masa lafiya, wani ya ce gidana sabo ne, wani ya ce ni ba ni da besmen, wani ya duba taswira ya ce yankinmu ba ja ba ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke wanke gida. Gidaje biyu da katanga ta raba suna iya bambanta ninki goma, domin abin ya danganta da jijiyar dutsen da ke ƙarƙashin kowane ɗaya da yadda aka zuba harsashinsa. Sabon gida da aka toshe ko'ina don kada ɗumi ya fita yana iya riƙe radon fiye da tsoho mai shan iska. Gidan da aka ɗora kai tsaye a kan daɓe shi ma yana taɓa ƙasa. Taswirar da EPA ta fitar a 1993 kuwa gunduma-gunduma ta raba ƙasar gida uku don amfanin hukumomi, kuma hukumar da kanta ta ce ana samun gidaje masu yawan radon a duka ukun. A faɗin Amurka gida 1 cikin 15 ne aka ƙiyasta ya kai ma'aunin ɗaukar mataki. A Pennsylvania da Minnesota kusan 2 cikin 5 ne, a Iowa kuwa kusan 7 cikin 10.

Yanzu ga yadda ake awon. Iri biyu ne, gajere da dogo. Gajeren da aka fi sani ɗan gwangwani ne ko 'yar ambulan mai ɗauke da gawayi na musamman, wanda ke tsotsar radon daga iska na kwana 2 zuwa 7. Ana samunsa a shagunan kayan gini da intanet a kan dala 15 zuwa 30. Kafin ka biya, duba ko kuɗin ɗakin gwaje-gwaje yana ciki, domin wasu masu araha sai ka aika sannan a nemi ƙari. Kafin ma ka saya, nemi ofishin radon na jiharka, kowace jiha tana da wanda ke kula da batun, kuma da yawa suna ba da kayan awon kyauta ko a kan rahusa, musamman a watan Janairu da aka keɓe don wayar da kai a kan radon. Jami'ar Kansas State ma tana gudanar da shirin ƙasa na sayar da su da sauƙi. Dogon awo ɗan ƙaramin kwano ne mai ɓallin roba a ciki, wanda tururin ke yi wa zane, ana barinsa fiye da kwana 90, har zuwa shekara. Shi ya fi faɗin gaskiya, saboda radon tana hawa tana sauka daga dare zuwa rana, daga damina zuwa hunturu. Amma idan akwai mai kwana a besmen a yau, fara da gajeren, kada ka jira wata uku.

Inda za ka ajiye shi ya fi komai muhimmanci. A hawa mafi ƙasa da ake zama a cikinsa za ka sa. Idan besmen ɗinka wurin kwana ne, ko na wasan yara, ko na karatu, ko na ɗinki, to nan ne. Idan ba a shiga sai ɗauko kaya, kuma babu niyyar a zauna, sa shi a hawa na farko, a falo ko ɗakin kwana. Ɗora shi a kan tebur ko kanta, aƙalla inci 20 daga ƙasa, wato rabin mita, nesa da taga da ƙofar waje da kamar ƙafa uku, kuma kada ya jingina da bangon waje. Ban da kicin, ban da banɗaki, ban da ɗakin wanki, domin gawayi yana shan danshi ya ɓata lissafi. Ban da bakin hita ko inda fanka ke kaɗawa ko inda rana ke duka. Ka gaya wa yara ba abin wasa ba ne, idan aka ɗauke shi aka zaga da shi an yi asarar awon.

Sai sharaɗin rufe gida. A rufe tagogi da ƙofofin waje na dukan gidan, ba na ɗakin kaɗai ba, awa 12 kafin a fara, su kuma zauna a rufe har a gama. Shiga da fita na yau da kullum babu laifi, haka kunna hita ko na'urar sanyaya ɗaki mai juya iskar cikin gida. Uwargida, nan ne naki aikin. Na san idan an soya kifi ko an yi turaren wuta hannu kan kai taga da kansa, kuma iyayenmu da suka saba da tsakar gida ba sa son kwana a rufe. Ki roƙi Hajiya ta yi haƙuri na kwana biyu ko uku, ki ɗage soye-soye mai hayaƙi zuwa bayan awo, kada kuma a zaɓi makon suna ko walima, ranar da ƙofa ba ta zama a rufe. Taga ɗaya da aka bari a buɗe tana iya sauke lambar ta ba ku kwanciyar hankalin ƙarya. Idan an yi hasashen guguwa ko ruwa mai ƙarfi, a bari ya wuce tukuna.

Rubuta rana da awar da ka buɗe, da rana da awar da ka rufe, da ɗakin da ka ajiye. Ka liƙe shi yadda takardar ta ce, ka kai gidan waya a ranar. Wannan ba wurin jinkiri ba ne, tunda duk kwana huɗu rabin radon da gawayin ya tsotsa ya tafi, kuma idan ya daɗe a hanya ɗakin gwajin zai ce ba ya karantuwa. Saboda haka ka tsara awon ya ƙare Litinin ko Talata, kada ya kwana a akwatin wasiƙa ƙarshen mako. Sakamako kan zo ta imel cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma na'urori masu batir da ke nuna lamba a fuska ko a waya, a kan dala 100 zuwa 200, wasu ɗakunan karatu na gwamnati ma suna ba da aronsu. Suna da amfani, musamman ga ƙungiya da za ta saya ta riƙa zagayawa da ita gida-gida. Sai dai kada lambar awa ɗaya ta tayar maka da hankali ko ta kwantar maka da shi. Matsakaicin makonni da watanni shi ne abin dubawa.

To sakamako ya zo, me lambar ke nufi? A Amurka ana lissafi da pikokuri a kowace lita. Iskar waje tana da kimanin 0.4, matsakaicin gida 1.3. EPA ta ce daga 4 zuwa sama a gyara gida, tsakanin 2 da 4 kuma a yi tunanin gyarawa. Sauran duniya da bekerel a kowace kubik mita take lissafi, pikokuri 1 a lita daidai yake da bekerel 37 a kubik mita, don haka 4 ɗin Amurka bekerel 148 ne. Kanada da Birtaniya sun sa nasu a 200, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2009 ta ba da shawarar 100, wato pikokuri 2.7. Wannan saɓanin yana nuna maka cewa 4 ba katanga ba ce tsakanin lafiya da cuta. Hatsarin yana hawa ne a hankali, kimanin kashi 16 cikin ɗari ga kowane ƙarin bekerel 100 da aka daɗe ana shaƙa. A ganina, wanda ya sami 3.5 a ɗakin da jariri ko tsohuwa ke kwana, ya gyara, kada ya ce ai bai kai ba.

Idan gajeren awo ya nuna 4 ko fiye, sake aunawa kafin ka kashe kuɗi. Tsakanin 4 da 8 kana iya yin dogon awo. Idan ya haura 8, maimaita gajeren nan take, in kuma matsakaicin biyun ya kai 4, kira mai gyara. Kafin ya zo, mayar da masu kwana a ƙasa zuwa sama, ko da za a yi cunkoso. Babu dalilin firgita ko gudu daga gida cikin dare, cutarwar ta shekaru ce, makonnin da za a ɗauka ana shirin gyara ba su ne matsala ba. Matsalar ita ce a jefa takardar a durowa a manta.

Gyaran ba shi da wuya kamar yadda ake zato, yawanci yini ɗaya ne. Mai aikin zai huda daɓen besmen, ya kwashe ƙasa kamar bokiti guda daga ƙarƙashi, ya dasa bututun roba mai faɗin inci 3 ko 4, ya bi da shi har saman rufi, ya haɗa masa fanka mai aiki dare da rana. Fankar tana zuƙe iskar ƙarƙashin gidan ta watsar a sama kafin ta sami hanyar shiga ɗaki. Wannan tsari yana iya rage radon har da kashi 99 cikin ɗari. A yawancin gidaje kuɗinsa daga dala 800 zuwa 2,500 ne, a wuraren da rayuwa ke da tsada yana iya ɗarawa, wutar da fankar ke ci kuma ba ta wuce ta babban ƙwan lantarki ba. Gidan da ke da ɗan sarari a ƙarƙashi maimakon besmen, leda mai kauri ake shimfiɗawa a kan ƙasar a zuƙo iskar daga ƙarƙashinta.

Ga abin da za ka sa wa ido. Mai aikin ya nuna maka shaidar NRPP ko NRSB, su ne hukumomi biyu da ke tantance masu wannan sana'a, ko lasisin jiha inda ake bayarwa. Nemi farashi daga mutum biyu ko uku, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa za a sauke ma'aunin ƙasa da 4. Fankar a cikin rufi ko a wajen gida ake sa ta, ba a besmen ba, domin idan bututun ya yi yoyo a bayan fanka, cikin gida za ta hura gubar. Bakin bututun ya wuce gefen rufi, nesa da tagogi. A jikin bututun za a manna wani ɗan lanƙwasasshen gilashi mai ruwa mai launi. Muddin ruwan ɓangarorin biyu bai daidaita ba, fanka tana aiki, ranar da ka ga sun yi daidai ta mutu. Bayan an gama a bari ta yi awa 24 tana aiki, sannan a sake awo cikin kwana 30, kuma ya fi kyau kai ka yi da kanka ko wani daban, ba wanda ya yi aikin ba. Daga nan sai duk shekara biyu.

Wani zai ce bari in sayi abin toshe tsaga in bi daɓen da kaina. Toshewa tana taimaka wa fanka, amma ita kaɗai ba a dogara da ita, gida yana motsi, sabuwar tsaga tana buɗewa, wasu kuma ba ka ganinsu. Buɗe taga yana saukar da radon na ɗan lokaci, da an rufe ta dawo cikin sa'o'i, kuma babu mai barin taga a buɗe a sanyin Janairu. Injin tace iska da ake ajiyewa a ɗaki ba ya hana ta shigowa.

Mai shirin sayen gida, ka sa awon radon cikin binciken da ake yi kafin a kammala ciniki. Ƙwararre zai ajiye na'ura ta awa 48, idan lambar ta hau sai a yi ciniki a kan wanda zai biya gyara, kuma sau da yawa mai sayarwa kan ɗauka ko ya rage farashi. Ban ga dalilin fasa gida mai kyau saboda radon ba, ta fi yoyon rufi sauƙin magani. A gundumar Montgomery, tun 1 ga Oktoba 2016 doka ta wajabta a auna gidan iyali guda kafin a kammala sayar da shi, a ba mai saye da mai sayarwa sakamakon. Dokar awo ta wajabta, ba gyara ba, saboda haka karanta takardar da idonka, kada ta ɓace cikin tulin takardun da ake sa wa hannu ranar karɓar makulli. Idan sabon gida ake gina maka, nemi a sa tsakuwa da leda da bututu tun daga harsashi, ya fi araha nesa ba kusa ba, sannan ka auna bayan ka tare.

Ɗan haya ma yana da haƙƙi. Tun 2023 gundumar Montgomery ta ɗora wa masu gidajen haya auna ɗakunan besmen da masu taɓa ƙasa, su nuna wa mai kama haya sakamakon, su kuma gyara idan ya kai 4. A wuraren da babu irin wannan doka, babu mai hana ka ajiye gwangwanin gawayi a ɗakin da kake biya, idan lambar ta hau ka kai wa mai gida a rubuce. Amma inda na fi damuwa shi ne hayar da muke yi a tsakaninmu. Alhaji yana da gida, ɗan garinsu ya iso, aka ba shi besmen a kan ɗan abin da ya samu, babu takarda babu shaida sai zumunci. Wannan taimako ne na gaske, Allah ya saka. Sai dai yaron ba zai taɓa buɗe baki ya ce Alhaji a auna ɗakin nan ba, kunya ba za ta bar shi ba, bai ma san da maganar ba. Nauyin yana wuyan mai gida. Haka masu kula da masallatai da makarantun Islamiyya da ke zama a ƙasan gini, yaran da aka kawo musu amana ne.

Idan akwai mai shan sigari a gidan, lissafin ya sake. Ƙiyasin EPA ya nuna cewa idan mutum 1,000 da ba su taɓa shan taba ba suka rayu a gida mai pikokuri 4, kimanin 7 za su iya kamuwa da kansar huhu ta dalilinta. Idan mashaya ne, kimanin 62. A pikokuri 20 kuwa, 36 ne da 260. Taba da radon suna ƙarfafa juna ne, don haka mai shan taba da ya sami radon a gidansa aiki biyu ne a gabansa, kuma barin tabar ne babba. Samarin da suka mayar da besmen wurin zaman shisha su ma su ji.

Wanda ke shan ruwan rijiyar burtsatse ta gidansa, kamar yadda ake yi a unguwannin da famfon gwamnati bai kai ba, idan iskar gidansa ta nuna yawa ya auna ruwan ma, domin radon tana fita daga ruwa lokacin wanka da wanki. Pikokuri 10,000 a litar ruwa yana ƙara kimanin 1 a iska. Mai ruwan famfon gari ba shi da wannan damuwar sosai. Dutsen giranit na kan kantar kicin, wanda ake yawan tambaya a kansa, abin da yake fitarwa kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙasar da ke ƙarƙashin gida.

Masu gini a gida su ma akwai abin da ya shafe su. Ginin gargajiya mai tsakar gida da tagogi a buɗe iska tana ratsa shi, radon ba ta samun wurin zama. Gidan zamani da aka rufe ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki ya rasa wannan kariyar. Filaton Jos dutsen giranit ne, kuma tarkacen da haƙar kuza ta bari yana ɗauke da ma'adinai masu tururin nukiliya, kada arha ta sa a ɗebo yashinsa a yi bulo ko filasta. A Akokan, kusa da Arlit, binciken da ƙungiyar Greenpeace da ɗakin gwajin CRIIRAD na Faransa suka yi a 2009 ya gano tururi mai yawa a wasu tituna da aka cike da duwatsun mahaƙa. Mai son auna gidansa na can, dogon awo zai tafi da shi, ba na gawayi ba, wanda zai lalace kafin ya dawo, kuma ya fara tambayar ɗakin gwajin ko suna karɓa daga ƙasar waje.

Ko awon farko ya fito da kyau, a sake idan an gyara besmen an mayar da shi wurin zama, ko an sauya tagogi da hita, ko an yi ƙarin gini. Shugabannin ƙungiyoyinmu na Maryland da sauran jihohi, ku karɓo kayan awon da yawa ku raba bayan sallar Juma'a ko a taron wata, ku sa matashi ɗaya ya taimaka wa dattawa cike takardar da aikawa. Kai kuma mai karatu, idan akwai mai kwana a ƙasan gidanka yau, ka yi odar naka a makon nan, ka ajiye shi ranar Juma'a da yamma, ka kai gidan waya ranar Litinin.